Ƙuri'ar Fari Ba Ta Mantuwa: Tarihin Fita Zaɓe a Gidanmu, Daga NEPU Zuwa Yau

A taronmu na bayan ƙaramar salla a nan Manchesta, da aka gama maganar kuɗin rijiyar burtsatse da tallafin marayu, sai hira ta gangara kan zaɓen gida. Wani dattijo cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya ya ce shi fa ya rasa gane kan yaran yanzu, su kwana a waya suna zagin gwamnati, ranar zaɓe kuma ka tarar da su a titi suna buga ƙwallo. Wani matashi da bai fi shekara biyu da zuwa karatu ba ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Baba, ku da kuka fita, me kuka samo mana?" Aka yi dariya, shugaba ya ce a rufe da addu'a, aka watse. Ni kuwa na koma gida maganar tana cina, don ba ni da bakin goya wa kowa baya a cikinsu. Ga furfura a gemuna, amma sai da na yi shekara 31 ban jefa ƙuri'a ba.

Dattijon nan yana da hujja. Alƙaluman hukumar zaɓe sun nuna cewa a zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne suka fita. A 2011 suka koma kusan kashi 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kuma ba su kai 27 ba. Mutum miliyan 93 ke cikin rajista, waɗanda suka fita ba su wuce miliyan 25 ba. Gaskiya ne alƙaluman da suka gabaci na'urar tantance masu zaɓe akwai aringizo a cikinsu, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu. Amma ko an cire aringizon, kowa ya san layin zaɓe ya rage tsawo.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce lalaci ne. A gidanmu kaɗai akwai zamani huɗu na masu zaɓe, kuma da na zauna na bi tarihin kowanne, sai na ga abu guda yana maimaituwa: yadda mutum ke ɗaukar ranar zaɓe har ya tsufa yana komawa ne ga abin da ya gani a siyasa lokacin da yake tasowa, da kuma abin da aka yi da ƙuri'arsa ta fari. Bari in fara da mahaifina.

Baba da akwatin tauraro

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tela ne a Fagge. Yana saurayi ɗan kusan shekara 19 aka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Mutum takwas ne suka kafa ta, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, daga baya Malam Aminu Kano ya bar aikin koyarwa ya zama jagoranta. Teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai su ne ƙashin bayanta, don su ne suka fi ɗanɗana haraji da aikin tilas da wulaƙancin 'yan doka.

Zaɓen 1951 ba kai tsaye aka yi shi ba. Matakai-matakai ne, a zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi wasu, har a kai matakin ƙarshe, inda En'e ke da damar cusa nata mutanen. 'Yan NEPU sun taka rawar gani a matakan farko a Kano, amma ko da aka kai ƙarshe sai aka wayi gari ba su da kujera a majalisar Kaduna. Darasin farko ke nan da samarin zamanin Baba suka koya: an tsara abin ne yadda talaka ba zai kai ba. Mai karatu zai zaci wannan zai kashe musu gwiwa. Ƙara musu ƙaimi ya yi, domin duk abin da ake ɓoye wa mutum haka, ya san mai daraja ne.

Zama ɗan NEPU a wancan lokaci tsada gare shi. Ana hana su izinin lacca, in sun yi a kama su. Ana iya laftawa mutum haraji fiye da ƙarfinsa, ko a ce ya zagi sarki. Baba ya taɓa kwana 30 a gidan yari saboda an gan shi a wajen wata lacca, wani alƙali ya yanke masa hukunci cikin ɗan lokacin da bai kai a ɗinka aljihu ba. Ya fito ya tarar masu kawo masa ɗinki sun ragu, amma abokansa na jam'iyya sun yi karo-karo sun riƙe masa gida. Wannan magana ta ƙarshe ita ya fi maimaita mana. Katin jam'iyya da kuɗinsa ya saya, kuma in za a yi tafiyar lacca ƙauye, kowa shi ke kawo gudummawarsa.

Ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen tarayya, wanda ya share fagen samun 'yancin kai. Kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Mutum zai shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa inda ya ga dama. Baba ya ce da ya tsaya gaban akwatunan nan babu dogari babu mai unguwa a kansa, sai ya ji hannunsa yana rawa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu rajista a ƙasar suka fita a ranar. NPC ta sami kujera 134 cikin 312, NEPU ta tashi da takwas, ciki har da ta Malam Aminu a Kano ta Gabas. Wato jam'iyyar Baba ta sha kaye, kuma ba ta taɓa kafa gwamnati ba har sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko a Janairun 1966.

Duk da haka, tun daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa, ba a yi wani zaɓe da aka ba shi dama bai fita ba. A 2003 ƙafa ta riga ta ƙi, a bayan babur aka kai shi rumfa, aka ba shi benci ya zauna har layi ya zo kansa. A shekarar ne Kanawa suka kayar da gwamna mai ci, Malam Ibrahim Shekarau ya karɓa daga hannun Rabi'u Musa Kwankwaso. An gaya mini Baba bai yi wani murna ba, cewa kawai ya yi dama abin da aka yi akwatin dominsa ke nan.

Asabar biyar ta Inna

A ranar da Baba ya tsaya gaban akwatin tauraro, mahaifiyata tana amarya a ɗaki, kuma ko da shekarunta sun kai ba ta da ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, matan Arewa kuwa an hana su. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana da makamantanta. Sai a 1976 gwamnatin soja ta buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da shi, ya kuma mayar da shekarun zaɓe 18.

Saboda haka a 1979 mutum biyu suka yi ƙuri'ar fari a gidanmu: Inna, tana da 'ya'ya shida, da babban yayana, yana ɗan shekara 19. An rarraba zaɓen a ranakun Asabar biyar, daga na 'yan majalisar dattawa ranar 7 ga Yuli zuwa na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Inna tana cikin kulle, ba ta fita da rana sai da babban dalili, amma Asabar biyar ɗin nan duk ta fita tare da matan layinmu, kowacce da lulluɓinta, suka yi nasu layin daban. Ina ɗan shekara bakwai, na tuna yadda ta dawo tana nuna wa maƙwabta yatsanta. Mukulli ta zaɓa, alamar PRP.

Abin da ya biyo baya shi ya kafa mata aƙidar da take kai har yau. Muhammadu Abubakar Rimi ya ci gwamnan Kano, Balarabe Musa ya ci na Kaduna. A zaɓen shugaban ƙasa Malam Aminu ya kwashe fiye da kashi 70 na ƙuri'un Kano, Alhaji Shehu Shagari bai kai kashi 20 ba a jihar. Wannan giɓi na Kano shi ya haifar da shari'ar nan ta jihohi sha biyu da biyu bisa uku, wadda sai da ta kai Kotun Ƙoli kafin a rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Ƙuri'ar matan Fagge tana cikin abin da lauyoyi suka yi ta lissafi a Legas.

Sannan Rimi ya hau ya soke haraji da jangali. Wanda bai ga zamanin haraji ba ba zai gane girman wannan ba. Magidanta kan bar gari in lokacin biya ya matso, wanda ya kasa kuwa a tozarta shi a gaban iyalinsa. Gwamnatin ta kuma kafa hukumar ilimin manya, inda Inna ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta koyi rubuta sunanta. In ka tambaye ta dalilin da ya sa har yanzu, tana da shekara fiye da 80, take sa a kai ta rumfa, amsarta ɗaya ce: "Ni na zaɓi mukulli, aka daina bin mahaifinku haraji."

Ba wai daɗin ya ɗore ba. PRP ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo, har ya zama Baba yana Taɓo, Yaya yana Santsi, a tabarma ɗaya suna cin tuwo ba sa haɗa ido. Aka tsige Balarabe Musa a 1981, aka yi tarzomar 10 ga Yuli a Kano wadda a cikinta aka kashe Dakta Bala Muhammad. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, sojoji suka dawo a ranar ƙarshe ta wannan shekara. Amma duk wannan ya zo ne bayan Inna da Yaya sun riga sun ga ƙuri'a ta yi aiki da idonsu. Gani ya kori ji. Yaya har gobe shi ne na farko a layin rumfarsu, kuma shi ke zama har a ƙirga.

Ni da 12 ga Yuni

Mu da aka haifa a farkon shekarun 1970 mun yi wayo ne a hannun soja. Siyasar da muka tarar ita ce shirin miƙa mulki na Janar Ibrahim Babangida, wanda aka yi ta ɗage wa'adinsa. Gwamnati ce ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu a 1989, SDP da NRC, ita ta rubuta musu manufofi, ita ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. Babu wanda ya yi kwanan gidan yari don ya kafa su. Zaɓen gwamna na Disamban 1991 shi ne na farko da na shiga, kuma a fili aka yi shi, kowa ya bi layin wanda yake so a ƙirga kawuna. A 1992 aka yi zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, Shehu Musa 'Yar'aduwa yana kan gaba a SDP, sai aka soke, aka kuma haramta wa 'yan takarar duka sake tsayawa.

Duk da haka muka fita ranar Asabar 12 ga Yuni 1993. Alhaji Bashir Tofa ɗan Kano ne, shi ke takarar NRC. Moshood Abiola Bayarabe ne daga Abekuta, shi da Babagana Kingibe a SDP. Ni da abokaina doki muka zaɓa, alamar SDP, kuma da sakamako ya fara fitowa sai ga Abiola ya kayar da Tofa a Kano. Ina ɗan shekara 21, na ji kamar mun yi abin da iyayenmu suka kasa, mun zaɓi mutum ba don garinsu ba. Ranar 23 ga Yuni aka sanar an soke zaɓen.

Soke zaɓen ya yi mini ciwo, amma abin da ya biyo baya ya fi yi mini illa. Cikin 'yan makonni maganar ta juye ta zama rigimar Kudu da Arewa. Legas ta kama da wuta, mu a Kano muka yi tsit, wasu cikin manyan da suka kai mu ga dokin ma suka karɓi muƙami a gwamnatin Janar Sani Abacha da ta zo a Nuwamba. Babu wata jam'iyya da zan koma in zauna da 'yan'uwana mu jajanta wa juna mu sake shiri, domin wanda ya ƙirƙiri jam'iyyun ya tafi, Abacha kuma ya rushe su da sanarwa ɗaya. Kafin Abacha ya rasu a Yunin 1998, jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista duk sun tsayar da shi ɗan takararsu.

Da aka zo zaɓen Fabrairun 1999 ina Kano, lafiyata ƙalau, ban ko yi rajista ba. Baba ya kira ni shagonsa ya ce, "Kai yanzu abin da aka ɗaure mu a kansa shi ka ɗauka wasa?" Na ce, "Baba, ku an kayar da ku ne. Mu mun ci aka ce ba a yi ba." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ci gaba da taka kekensa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bayan shekara biyu na taho Ingila da wannan tsoron tsumma a cikin kayana.

Yaran canji

Ɗan Yaya na fari an haife shi a 1995. Ya taso ya ga tarzomar bayan zaɓen 2011, ya ji ƙarar bama-baman 20 ga Janairu 2012 da kunnensa, yana gari aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014. Tsararsa sun yi imani cewa mutum ɗaya ne zai kawo ƙarshen wannan, kuma sun yi masa hidima tsakani da Allah. Taken da suka gada daga zaɓukan baya shi ne a kasa, a tsare, a raka. Ranar 28 ga Maris 2015 yaron nan ya fita tun asuba, aka tantance katinsa da na'ura, ya jefa ƙuri'a, ya tsaya aka ƙirga, ya bi akwati har wurin tattara sakamako. Kano ta ba Muhammadu Buhari ƙuri'a miliyan 1.9. Karo na farko ke nan a tarihin Najeriya da aka kayar da shugaban ƙasa mai ci. Ya kira ni a daren da aka tabbatar, muryarsa ta dushe, yana cewa, "Baffa, mun yi! Ku dawo gida!"

A 2019 yana aiki a Legas. Ya biya kuɗin mota ya taho Kano ranar Juma'a, ya kwanta da niyyar fita da safe, cikin dare aka ɗage zaɓen daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu. Ya koma bakin aikinsa, bai sake tahowa ba. Zaɓen gwamna na watan Maris kuma aka ce bai kammala ba, kalmar inkonkulusib ta shiga bakin Kanawa, aka sake zagaye ranar 23 ga wata a wasu mazaɓu, ciki har da Gama, inda masu sa ido suka ba da rahoton tashin hankali. Ya kalli hotunan a wayarsa.

A Fabrairun 2023 yana Kano, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, mutane na kwana a layin banki. Bai fita ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Baffa, ni ba a sace mini ƙuri'a ba. Abin da na zaɓa shi aka ba ni har shekara takwas, ga kuma inda muke." Ƙanwarsa da ta isa zaɓe a karon farko ta yi rajista amma ba ta je karɓar katin ba. Kusan kashi 40 cikin ɗari na masu rajista a ƙasar a shekarar 'yan 18 zuwa 34 ne. A Kano rajista ta kai miliyan 5.9, waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa kuwa wajen miliyan 1.7 ne, alhali a 2015 sun haura miliyan biyu.

Amma ga wani abin lura. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, aka yi zaɓen gwamna. Abba Kabir Yusuf ya sami fiye da miliyan ɗaya, Nasiru Gawuna ya sami kusan dubu 890. Su biyun kaɗai sun tara ƙuri'un da suka fi na zaɓen shugaban ƙasa gaba ɗaya a jihar. Ɗan Yayan nan yana cikin waɗanda suka fita. Ashe ba barci yake yi ba, yana auna inda ƙuri'arsa za ta yi nauyi ne.

Abin da na fahimta

Masana sun daɗe da lura da wannan. Tun 1928 masani Karl Mannheim ya yi rubutu cewa abin da ke haɗa tsara ɗaya shi ne manyan al'amuran da suka faru da su suna samari. A 2004 kuma Mark Franklin ya fitar da littafi a kan fita zaɓe a ƙasashen da dimokuraɗiyya ta daɗe, inda ya nuna cewa zaɓukan farko da mutum ya riska su ke sa masa ɗabi'ar fita ko ta zama a gida. Mu da Hausa mun riga mun faɗa: tun ran gini, ran zane.

Abin da tarihin gidanmu ya ƙara mini shi ne cewa cin zaɓe ko faɗuwa ba shi ne ma'auni ba. Baba ya faɗi sau da yawa bai daina ba. Ni na ci, ɗan Yaya ya ci, mu ne muka daina. Baba yana da jama'ar da yake komawa cikinsu bayan an sha kaye, waɗanda suka ciyar da iyalinsa yana ɗaure, kuma abin da suke nema, wato a daina wulaƙanta talaka, ya fi ƙarfin kujerar mutum ɗaya. Inna ta ga sakamako a ƙofar gidanta tun a karon farko. Ni jam'iyyata ta gwamnati ce, da aka rushe ta ba ni da wurin zuwa. Ɗan Yaya kuwa ya ɗora dukkan burinsa a kan mutum ɗaya, da burin bai cika ba babu abin da ya rage masa ya riƙe. A zamanin Baba ɗan jam'iyya ke ba jam'iyya kuɗi. Yau ita ke zuwa da taliya da sabulu da turmin atamfa ana gobe zaɓe, ta ɓace sai bayan shekara huɗu. Yaron da wannan ne abin da ya buɗe ido ya gani, in ya ce ƙuri'a haja ce, karatun da aka biya masa ya maimaita.

Mu da ke nesa

Ɗan Najeriya da ke da izinin zama a Birtaniya yana da damar zaɓe a nan, saboda ƙasarmu tana cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Sunana yana cikin rajista shekara da shekaru, duk zaɓe katin sanarwa yana zuwa ta ƙofa, ni kuma in ɗora shi a kan firij. Babu sojan da zai soke zaɓe a nan, na sani, amma ɗabi'ar 1993 ta biyo ni har Manchesta.

'Yata ta fari a nan aka haife ta a 2004. Ita abin da ta taso ta gani shi ne tsadar haya da bashin karatu da yaƙin Gaza, kuma ita da ƙawayenta sun yi ta bin gida-gida kafin zaɓen 4 ga Yuli 2024. Da yammacin ranar Alhamis ɗin ta tsaya a kaina ta ce, "Abba, ɗauko fasfonka, tare za mu." Na fara kawo mata tarihin Abiola, ta ce ta ji, in ƙarasa mata a hanya. A wata makarantar firamare aka ba ni takarda da fensir, cikin minti biyar na gama. Da na fito sai na tuna Baba a kan bencin nan na 2003, na kasa yi mata magana har muka iso gida.

Har yanzu dokar Najeriya ba ta ba mu damar zaɓe daga waje ba, majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin a gyaran tsarin mulki na 2022, duk da cewa 'yan Najeriya mazauna waje suna aika kusan dala biliyan 20 gida a shekara. Ya kamata ƙungiyarmu ta sa bakinta a wannan magana tare da sauran ƙungiyoyi. Amma akwai abin da ba sai mun jira majalisa ba.

Yaran da za su yi ƙuri'ar fari a 2027 an haife su ne tsakanin 2005 da 2009. Abin da suka gani shi ne cire tallafin mai, da tsadar abinci, da zanga-zangar Agustan 2024, da zaɓen gwamnan da sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamarsa a Janairun 2024. Yanzu ake zanen nasu ginin. Kowannenmu yana da irinsu a gida, da yawa ma mu ke biya musu kuɗin makaranta. Ina ba da shawarar reshenmu na gida ya ɗauki nauyin raka su yin rajista da karɓar kati, ranar zaɓe kuma kowane yaro ya tafi da babba daga gidansu, ba tare da an ce masa ga wanda zai zaɓa ba. Ina kuma roƙon kwamitin wannan mujalla ya tura matasa su zauna da sauran dattawan da suka ga NEPU da PRP su naɗi labarinsu, domin kullum raguwa suke yi. Mu ma da ke nan, duk wanda katinsa ke kan firij ya sauko da shi.

Na kira ɗan Yaya makon jiya na ce masa ƙaramin ƙanensa zai cika 18 kafin zaɓe, shi nake so ya kai shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, kai da kanka?" Na ce ni da kaina. Ya ce zai duba. Inna tana kusa tana jinmu, na jiyo ta tana cewa in ba zai kai shi ba a bar mata shi, ita za ta tafi da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu shugabanni masu tausayin talaka.